Warƙar da Ruwa Ya Tafi da Ita

Muna zaune a tsakar gida a Auyo, takardu shimfiɗe a tabarma suna shan iska. Ruwan kogi ne ya shiga ɗakin Gwaggo, ya jiƙa gafaka, jakar littattafai, littafin fiƙihun da kakar kakata ta kwafa da hannunta tun kafin zuwan Turawa ya warwatse.

Ba ɗinki gare shi ba, warƙoƙi ne, fallayen takarda ɗaiɗai, a cikin tadarishi, wato bangon fata. Na juya, na sake juyawa. Babu lambar shafi, babu ƙumshiya, ban san inda babi ya fara ba.

Na ce, "Gwaggo, ina tsoron in haɗa hukuncin alwala da na azumi."

Ta ce, "Ke da karatunki? Dubi ƙasan shafi. Kalmar nan da ke zaune ita kaɗai, da ita warƙa ta gaba take farawa."

Haka muka yi ta bi har la'asar, kamar marubuciyar tana gabanmu tana nuna hanya. Sai muka iso wata kalma, muka rasa warƙarta.

Gwaggo ta lumshe ido ta karanto shafin da ka, yadda ta ji shi a bakin mahaifiyarta. Na jiƙa tawada na rubuta. A gefe na ƙara da ƙananan baƙaƙe: wannan ba hannun kakar kakata ba ne, in da kuskure nawa ne.

Ku fa, wane hannu kuke adanawa a gidajenku?