Hancin Aro

A garejin da nake jiran gyara, wani dattijo, da ganinsa tsohon direba ne, ya cusa kai cikin gaban a-kori-kurarsa yana shinshinar kujera. Hularsa ta faɗi, bai ma kula ba.

"Baba, na duba tanki da bututu, ba inda yake yoyo," in ji bakanike. "Kai kana jin warin fetur ɗin?"

Dattijon ya yi sororo, ya waiwayi matarsa da ke zaune a benci tana tari.

"Ni shekara biyu ke nan hancina ba ya jin komai," ya ce. "Amma ita ta ce akwai. Sake dubawa, ɗana."

Ya koma ya sunkuya, yana ta shinshinawa.