Gwaggo Tabawa da Tsinkenta

Duk wanda ya san Gwaggo Tabawa, yayar mahaifina, ya san ba ta gaisawa da masu gida sai ta fara leƙa kajinsu. Da sallamarta sai ɗakin kaji, ta tsuguna da tsinke tana tona kashinsu. Sai ta gama za ka ji, "To, kun kwana lafiya?"

Kun tuna ranar suna a Gafasa, gidan Malam Sale tela? Mata na ta yi wa mai jego barka, Gwaggo kuwa tana wajen burolinsa, kajin nama da yake kiwo. Ta fito ta ce, "Sale, baƙi kake ciyarwa. Tsutsar ciki ke cinye abincin nan, kajin 'yan rakiya ne."

Ya ce, "Haba Gwaggo, ai ci suke kamar fara!"

"Yanka ɗaya."

Aka yanka, ta tsaga hanjin a gabansa. Wayyo! Tsutsotsi farare, dogaye, cunkus. Har yau Malam Sale bai ƙara cin taliya ba.

Ni ma ban tsira ba. Shekarar da na zuba buroli ɗari a Kademi don Sallah, sati biyar suna nan kamar tattabaru, sun saki fukafukai, kashinsu da jini. Ta same ni ina jiƙa musu barkono.

"Magani ne wannan, ko tun da ransu ka fara miya?"

Ta ɗaga ɗaya ta shafa ƙirjinta. "Ji ƙashi kamar wuƙa! Wannan ba tsutsar da ido ke gani ba ce, ƙanana ne masu yaga hanji. Jiƙaƙƙen buntun nan da ka shimfiɗa musu ne gidansu." Ta sa na kwashe shi tas na zuba busasshe, sannan ta ƙulla kashin a leda, wai in kai wa malamin dabbobi a Gaya. A mota kowa toshe hanci yake, ni ma na toshe don kada a gane ni.

Malamin ya duba a na'urarsa, ya faɗi abin da ta faɗa, ko wasali bai canza ba. Ya ba ni magani na dawo gida. Da na ba ta labari, cewa ta yi, "Yaron yana da ƙoƙari."

Sha ɗaya suka mutu, sauran suka murmure. Kwana biyu da gama magani, wani mai gashin kaji daga Ajingi ya zo saye. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin ta zauna.

"Maganin bai fita daga namansu ba. 'Ya'yan mutane za su ci."

Mai gashin ya ce, "Gwaggo, sauri nake!"

"To tsallake ni."

Wa ya isa? Sai bayan sati ya dawo.

Ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba, amma da damina ta bara da muka kai ta makwancinta, masu kiwo tun daga Ajingi suka cika layin gidanmu. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya haskaka kabarinta, Ya sa tausayin da ta yi wa bayinSa marasa baki ya zame mata inuwa. Amin.