Layar da Aka Farke

Shekarar da 'yata ta yi haihuwar fari, ita da mijinta suka matsa sai na je Jamus na ga jika. Ni baduku ne. A Zangon Kumasi aka haife ni, a rumfar da ubana ya zauna nake zaune, kuma kafin wannan tafiya ban taɓa wuce Akra ba. Kwana goma na yi a ɗaki ina kallon jariri yana barci, ina kallon ruwan sama ta taga. Rana ta sha ɗaya na ce zan shiga gari ni kaɗai.

"Baba, za ka ɓata fa," in ji 'yata.

Na ce mata ni da ban taɓa ɓata a kasuwar Kejetiya ba, ba garin da kowane lungu ke da suna a rubuce ne zai ɓatar da ni ba. Ta yi dariya, ta rubuta mini adireshin gida a takarda, ta ba ni katin jirgin ƙasa da wani katin shiga gidan tarihi, ta ce in ruwa ya tsananta in fake a can.

Abin da ya fitar da ni allura ce. Tun ina yaro nake jin dukawa na yabon allurar Jamus, wai ba ta lanƙwasa ba ta tsatsa. Na samu kantin kayan ɗinki, na shiga da sallama, ba wanda ya ko ɗaga kai. Ga allurai jere a bango, kowace an rufe ta cikin roba. To, ta yaya mutum zai sayi allura bai gwada bakinta a farce ba? Na ɓare ɗaya. Kafin in kai ta babban yatsa, mai kantin ta taso tana kaɗa mini hannu kamar ta kama ni da hannu a tukunyarta. Da ɗan Turancin da muka haɗu a kansa ta fahimtar da ni cewa a nan ba a buɗe abin da ba naka ba, in ka buɗe kuwa ka saya ke nan. Na saya, har da basilla biyu da zare mai kaki. Allurar kuma, in faɗi gaskiya, mai kyau ce, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Na bi wani titi na manyan kantuna ina neman jakar da zan kai wa uwargida tsaraba. Duk wadda na ɗauka sai na kai ta hanci, su kuma masu kanti suna kallona. Rabinsu ba su taɓa kusantar jikin dabba ba. Na haƙura da jaka. Ruwa ya sauko da ƙarfi, na tuna da katin nan, na nemi gidan tarihin na shiga.

A hawa na biyu aka tara kayan ƙasashenmu. Na bi ina kallon ganguna da kujeru da gumaka, ba abin da ya dame ni, har na zo wani akwatin gilashi a tsakiyar ɗaki. Batakari ce a ciki, irin rigar nan ta saƙi da jarumawan Asante, mutanen Kumasi, ke sawa, an lulluɓe ta da layu gaba da baya. Na matsa kusa. Ɗinkin namu ne, na Zango: jar fata, baki a naɗe sau biyu, ƙulli a ɓoye ta ciki yadda ba za ka ga inda zare ya ƙare ba. A ɗan allon da ke gefe na gane sunan Kumasi, da wata kalmar Turanci mai nufin wai an samo ta. An samo. Sai ka ce mutum yana tafiya ya tsinci rigar yaƙi a bakin hanya.

Wannan ma da na haɗiye shi. Abin da na kasa haɗiyewa yana ƙasan akwatin, daidai gwiwar mutum. An cire laya ɗaya daga rigar, an farke fatar da wuƙa, an warware takardar an shimfiɗa ta, an haska mata fitila. Kuma an kifa kanta ƙasa. Da ganin yadda layukan rubutun suka kwanta na san haka, na yi maza na kau da ido.

Wanda ba ɗan sana'armu ba ba zai san nauyin wannan ba. Tun kakanni, mutanen fada daga Manhyia, gidan sarkin Asante, kan zo Zango neman laya. Malam ne ke rubutawa, ya ninke, ya ɗaure da zare, a kawo wa baduku ya rufe da fata. Abin da ke ciki tsakanin mai laya ne da malaminsa da Ubangijinsa. Baduku ba ya buɗewa, ba ya tambaya. Ina ɗan shekara goma sha biyu na taɓa ɗaga gefen wata takarda don in leƙa, ubana ya buge mini hannu da ƙotar wuƙa, ya hana ni taɓa fata wata guda. Shekara arba'in ina ɗinka layu ban san cikin ko ɗaya ba. Ga shi nan an baje ta wani, mutane na wucewa da jiƙaƙƙun takalma, suna durƙusawa suna ɗaukarta hoto da waya. Matar da ta hana ni ɓare robar allura, a garinsu aka yi wannan.

Ashe ina ta faɗa a fili ban sani ba. Sai na ji an ce, "Papa Kramo," yadda mutanen Asante ke kiran dattijon Musulmi. Mai gadin ɗakin ne, magidanci mai kamar shekara arba'in, sanye da baƙar kwat. Muka gaisa da Twi, yaren Asante, sannan ya juya Hausa irin tasu.

"Baba, ni na girma Krofrom, can Kumasi, na ji Hausa kaɗan kaɗan. Mene ya faru?"

Na nuna masa da hannu ba tare da na juya kai ba. Na ce a rufe takardar nan, ko da ƙyalle ne. In ba za a rufe ba, a ɗaga ta sama da ƙafafun mutane, a daidaita mata kai.

Ya sosa ƙeya. "Baba, ni ma kullum na wuce nan, jikina ba ya so. Kakana ya na da irin wannan. Amma makulli ba ya hannuna. Bari na kira madam."

Madam ɗin ta zo, wata Baturiya mai fara'a da kati rataye a wuya. Mai gadi ya yi mana tafinta. Da ta ji cewa ni baduku ne daga Kumasi, sai fuskarta ta washe kamar an yi mata albishir. Ta ce ba su san a kife take ba, ta gode. Sannan ta ce sun daɗe suna neman wanda zai karanta musu, ko zan taimaka in fassara abin da ke ciki, su rubuta a allo kowa ya amfana?

Ban san lokacin da na ce wa mai gadi ya tambaye ta ba, in an shiga ɗakinta an buɗe wasiƙar da uwarta ta rubuta mata an manna a tasha, za ta nemi mai fassara? Ban san yadda ya juya maganar ba, na dai ga ya tausasa ta, don murmushinta bai gushe ba. Ta ce buɗe akwatin ba a hannunta yake ba, akwai kwamiti, kuma suna zama lokaci lokaci. Ta kawo mini fom da biro. Fom. Na ninke shi na sa a ledar alluraina.

Da ta tafi, na ajiye ledar a ƙasa, na juya wa gilashin baya, na tsaya daidai gaban takardar. Babbar riga ce a jikina a ƙarƙashin kwat ɗin surukina, na buɗe kwat ɗin na baza rigar. Duk wanda ya zo sai ya ga batakari daga sama, ƙasa kuwa sai ni. Wasu suka kewaya, wasu suka tsaya suna jira in gusa, wani ma ni ya ɗauka hoto. Na fi awa guda a haka. Ƙafafuna suka yi tsami, raina kuwa bai huce ba ko kaɗan. Na san ba dabara ba ce. Na san gobe ba na nan. Amma a lokacin ban ga wani abin da ya rage mini ba.

Mai gadi ya dawo sau biyu yana kallona yana komawa. A na uku ya tsaya kusa, ya rage murya.

"Baba, don Allah. Sun gani a kyamara. In ka tsaya nan, ni za su tambaya. Yara uku na ke da su."

Na dube shi. Ba shi ya farke layar ba. Na ce masa shi ke nan, ɗana, na tafi.

Na juya na sunkuya in ɗauki ledata, kuma ledar tana gindin gilashin. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba sai an daidaita masa rubutu yake karantawa ba, don a da'ira muke zama, allon na gabanka a kife kake ganinsa, kana biya naka kana biya nasa. Ido bai nemi izinina ba. Kafin in miƙe na riga na karanta layi biyu.

Sunan wani mutum ne da na uwarsa. Sunayen kam ba zan faɗa ba, ko 'yata da ta tambaye ni abin da ya sa na dawo ban ci abinci ba ban gaya mata ba. Bayan sunan, ba neman nasara a kan kowa ba ne, ba tsarin ƙarfe ba ne. Roƙo ne Allah ya mai da shi gida wurin tsohuwarsa lafiya.

Na sauko matakala mai gadi na riƙe da gwiwar hannuna, har bakin ƙofa ya rako ni yana ba ni haƙuri. Ba da shi nake fushi ba, kuma a lokacin ban ma san da wa zan fara ba. Ban sani ba ko mutumin nan ya koma wurin uwarsa. Rigarsa dai ba ta koma ba, tana can hawa na biyu, kuma yanzu ni ma ina cikin waɗanda suka leƙa masa asiri.