Hannun Kafaran Hambali

Mutanen Cadawa da suka san Hambali tun yana ƙarami sun ce ba su taɓa ganin tabarma ta yi ɗumi a ƙarƙashinsa ba. Ɗan manoma ne, babu makaɗi ko ɗaya a zuriyarsu. Kakansa ya zo daga wajen Katsina da jaki da hauya, ya sari daji ya zauna. Da Nasara suka zo ɗibar soja aka nuna Hambali, shi kuwa ya bi su ba tare da an ja shi ba. Can aka sa shi a fanfar, wato rukunin masu kiɗa da busa na soja, ya koyi busa ƙahon tagulla har ya gwanance. Shekara tara ya yi.

Ya dawo a daminar da ƙasa ta karɓi mulkin kai, da igiya biyu a hannun riga, abin da ya sa ake ce masa Kafaran, wato kofur. Ya kuma dawo da giɓi. Babbar motar kamiyon da ta ɗauko su ta kife a hanya, haƙoransa huɗu na gaba suka zube, leɓe ya tsage. Da ya warke sai ya zaga bayan rumbu ya ɗora ƙahon a baki. Iska kawai ke fita. Kwana bakwai yana gwadawa, a na takwas ya naɗe ƙahon cikin tsumma ya cusa a ƙarƙashin gado.

Aka yi masa aure da Laraba, ɗiyar maƙwabtansu, aka ba shi gona. Noman bai riƙe shi ba. Yakan yi kunya uku ko huɗu, ya jingine hauya, sai a ji an gan shi a kasuwar Gazawa ko a Agye yana tsaye bayan makaɗa, yana motsa yatsu.

A Agye sabon kumandan mai mulkin yankin, baƙar fata na farko da ya zauna a wannan buro, wato ofis, ya sa aka kira shi.

"Kafaran, an ce ka yi fanfar. Ina son kiɗan fareti ranar bikin Jamhuriya."

"Na yi, ranka ya daɗe. Amma baki ya tafi."

"Hannu fa, ya tafi?"

Hambali ya dubi hannunsa. Washegari ya kama hanya. A Gangara ya samo Rabo, dattijo mai algaita. A Cadawa ya ɗauko Idi, mai kalangun mahauta. Ya haɗa da tsofaffin soja biyu masu begila, da wani malamin lakol, wato makarantar boko, mai gita, wanda ake kira Mushe Ishaku yadda ake kiran malaman boko da Faransanci. Shi kansa ya tsaya gabansu, ya juya wa jama'a baya yana ba da hannu, abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar. Wasu suka ce rashin kunya ne. Fareti dai ya yi kyau, kumandan ya ji daɗi, aka riƙa kiransu kowace shekara. Hambali ne kaɗai bai gamsu ba. Ya ce wannan kiɗan taka ƙafa ne kawai, ko raƙumi zai iya binsa.

A shekara ta shida, lokacin cinikin gyaɗa, wani direba mai suna Ɗantala ya tsaya a Cadawa ana yi masa lodi. Ya fito da garmaho ya ɗora faifan da ya sayo a Jibiya, ya ce kiɗan baƙar fatar Amurka ne, sunansa sol. Hambali na wucewa ya tsaya. Bai san ko kalma ɗaya a waƙar ba, amma ya ji mai waƙa na jefawa ƙahoni na amshewa, kamar mata a bakin turmi. Can sai kowa ya yanke lokaci guda, aka yi tsit, sannan suka sake faɗowa gaba ɗaya. Ya matso kusa da garmahon.

"Maimaita mini," ya ce.

Ɗantala ya maimaita har aka gama lodi. Da zai tashi, Hambali ya haye saman buhuna. Sai bayan kwana uku Laraba ta ji labarin mijinta na Gidan Rumji, yana bin garmaho.

Ya dawo da ƙura har gira, ya tara mutanensa a gindin gawon da ke bayan lakol. Idi ya kama abin nan da nan. Mushe Ishaku ya sha wuya kafin ya daina jan gita ya koyi tsinke ta gajere-gajere. Rabo ne ya gagara. Hambali zai dunƙule hannu, kowa ya tsaya, algaita kuwa ta ci gaba ita kaɗai.

"Baba Rabo, in na dunƙule hannu, ka yanke."

Dattijon ya sauke algaita ya share baki. "Ɗana, shekara arba'in ina koyon kada numfashi ya yanke mini. Yau kai za ka koya mini yankewa?"

"Ƙiftawar ido ce, Baba, ka dawo."

"In na dawo na tarar ba ku nan fa?"

"Muna nan."

Wata biyu aka yi ana wannan ja-in-ja. Rabo ya yi fushi ya koma Gangara sau biyu, sau biyu Hambali ya bi shi a ƙafa ya durƙusa a ƙofar gidansa.

Saura murya. Akwai wata bazawara, Batulu, mai sayar da ƙosai a bakin tasha, wadda in tana daka ana jin waƙarta har masallacin Juma'a. Ta ce za ta yi, amma da sharaɗi biyu: da Hausa za ta yi, kuma rana na faɗuwa tana gida. Hambali ya yarda. Ita ta riƙa tsara baitoci, kan gyaɗa da kamiyo da mazan da suka tafi cin rani suka manta hanyar gida.

Ranar kasuwar Gangara suka fara fitowa, bayan la'asar, a bayan kamiyon Ɗantala. Da farko mutane na ciniki suna waiwaye. Batulu ta jefa, algaita da begila suka amshe, kalangu ya shiga tsakani. Ana cikin zafin abin Hambali ya dunƙule hannu. Kowa ya tsaya cak, har da Rabo, kumatunsa a kumbure. Kasuwa ta yi tsit, aka ji kukan akuya daga can wajen turke. Ya saki hannu, kiɗa ya faɗo. Matan Fulani suka sauke ƙoren nono, mahauta suka bar rumfa. Daga ranar aka sa musu suna 'Yan Cak.

Shekara biyar suna yawo, Cadawa, Gazawa, Agye, Gidan Rumji, har Tibiri. Biki ko suna ko saukar baƙi, in ba 'Yan Cak to da saura. Amma zama da Hambali sai mai haƙuri. Ba ya barin waƙa ta kwana yadda take. Abin da aka ƙware a kai ranar Litinin, ranar Laraba ya rushe shi. A tsaye yake cin tuwo. Matarsa takan ce, "Maigida, ka zauna mana, kwanon ba gudu zai yi ba." Ya ce to, ya zauna, loma biyu ya miƙe.

Labarinsu ya kai Yamai. Wani ma'aikacin gidan rediyo, Hayatu, ya zo da na'urar ɗaukar murya. Hambali ya saurari mutanensa ranar, ya girgiza kai, ya ce baƙon ya dawo bayan kaka.

Mushe Ishaku ya ja shi gefe. "Kafaran, gero ma in ya nuna girbe shi ake yi."

"Bai nuna ba, Mushe. Akwai abin da nake ji a kaina, ba mu kai gare shi ba."

Bayan kaka Hayatu ya dawo. Ya tarar Hambali ya tafi wani ƙauye bayan Gidan Rumji neman mai goge da aka ba shi labari. Ya jira kwana biyu ya tafi. Bai sake zuwa ba, don damina ta gaba ruwa ya ɗauke, ta bayanta ma haka. Gyaɗa ta mutu, kamiyoyi suka daina tsayawa, biki ya koma ɗaurin aure da fatiha kawai. Idi ya tsallaka Najeriya neman abinci. Aka mayar da Mushe Ishaku wata lakol a arewa. Batulu ta yi aure a Tibiri. Rabo ya kwanta a Gangara, bai tashi ba.

Da Hambali ya dawo daga jana'iza ya zauna a ƙofar ɗaki, ya daɗe. Laraba ta kawo ruwa ta ajiye.

"Da na bar mutumin rediyon nan ya ɗauki sautin algaitar Baba," ya ce. "Yanzu ko jikokinsa ba za su ji ta ba."

"Haka Allah ya so, Maigida."

"Allah ya kawo mutumin har sau biyu. Ni na kore shi."

Bai sake kafa ƙungiya tasa ba. Da ruwa ya dawo aka farfaɗo da samariya, wato ƙungiyoyin matasa, a garuruwa, sai ya shiga bin su ɗaya bayan ɗaya, yau Cadawa gobe Gangara, yana koya wa makaɗansu yadda ake jefawa da amshewa da yankewa. Bai rage faɗa ba, amma ya daina rushe abin da ya yi kyau. In waƙa ta zauna yakan ce, "Ku bar ta haka," ya juya da sauri kamar mai tsoron bakinsa. A kowane gari ya zaɓi mutum guda ya tsayar da shi gaba, ya koya masa ba da hannu. A Cadawa ɗiyarsa Suwaiba ya tsayar, don ta fi samarin kunne.

Wata ranar Alhamis ya kama hanyar Gazawa da zazzaɓi a jikinsa, samariyar garin na shirin gasar kiɗa da za a yi a Maraɗi. Laraba ta hana, bai hanu ba. A bakin gari ya tsaya shan ruwa wurin Abdu mai gyaran keke, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Nan ya cika, bai kai hamsin ba. Samarin na gindin tsamiya da gangunansu suna jira har la'asar, sannan labari ya iske su.

Bayan addu'ar bakwai Suwaiba ta hau mota ta je Gazawa ta ƙarasa musu shirin. A Maraɗi sun zo na uku.