Ƙwarin waken Mama

Shekarar da na fara aikin malamin gona a Jalingo, kaina ya fi hulata girma. Ina hawa babur zuwa ƙauyukan hanyar Sunkani, ina koya wa mutanen da suka girmi ubana yadda ake noma.

Akwai wata tsohuwa Bamumuya mai gonar wake biyu, 'yar hanya ce ta raba su. A ta ƙetaren hanyar ce take shuka irin da ta gada wurin mahaifiyarta, wani jan wake da babu mai shi a ƙauyen sai ita. Na tarar da ita a gonar farko tana tuge waken da ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan masu tsotson ganye suka lulluɓe, za ta ƙona.

"Mama, ɓarnar me kike yi haka?"

"Ɗana, in wuri ya cika, uwan zai haifi yara da fuka-fuki. Za su tashi, su je wancan gona."

Na yi dariya, a gaban mutane kuwa. Na ce masu fiffike wani jinsi ne daban, waɗannan ko hanyar ba za su iya tsallakawa ba. Na ce ta bari, zan kawo maganin feshi. Ta dubi rigata ta ofis, ta ajiye ashanar.

Sai da na yi mako biyu kafin na samo maganin. Na iske jan waken ya yi baƙi ƙirin, ganye ya nannaɗe. Na juya ganye ɗaya, ga su nan da fiffikensu.

Daga baya na karanta abin a littafi. Ƙwaro ɗaya ne. Idan uwar ta ji cunkoso, jikinta ne ke kunna wa 'ya'yan umarnin fiffike da ke kwance a halittarsu, gadon kansa bai sauya ba. Abin da Mama ta faɗa ke nan, da gajerun kalmomi. Kunya ta hana ni bin hanyar har kaka ta wuce.

Ranar da na daure na je, ba ta yi min faɗa ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Na tambaye ta ko akwai sauran irin, ko da tafin hannu ne. Ta shiga ɗaki ta fito da goran da take ajiye shi, ta miƙa min. Na ji shi da nauyi, har na fara murna. Na buɗe, ko ƙwayar wake babu, gishiri take zubawa a ciki yanzu.