Abokin Kujerar Gwamna

"Dodon koɗi shida na ba ka ranar Talata, Mista Wendell," in ji Odalys mai shagon kifin ado. "Ina suke?"

"Sun yi aiki, ba zan ci haƙƙinsu ba. Kwana biyu cur."

"Sai kuma me?"

"Sai Gwamna ya jera ɓawonsu a ƙofar raminsa."

Odalys ta kifa kai a kanta tana dariya. "Masu shara kake saya, ko tuwon Gwamna?"

Gwamna jatan lande ne, irin mai naushin nan, tsawonsa bai fi yatsa ba. A cikin wani dutsen teku ya ɓoyo ya shigo akwatin gilashin Wendell, ya tarar da kifaye, ya wayi gari shi kaɗai. Wendell bai riƙe shi a zuci ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar 'yan makaranta a birnin Tampa, kuma har ya ajiye aiki bai taɓa sauke fitinanne a hanya ba.

Matsalar gansakuka ce. Ta rufe duwatsun kamar gemun da ya shekara bai ga aska ba. Ranar da Wendell ya sa hannu zai tuge, Gwamna ya tsaga masa babban yatsa. Matarsa Loretta kuwa ta yanke hukunci: yayarta Darlene za ta zo Bikin Godiya na shekara-shekara nan da mako uku, in falo bai rabu da wannan kududdufin ba, Gwamna ya koma shago.

"Ƙaguwa fa?" in ji Wendell.

"Karin kumallo," in ji Odalys.

"Kifi mai cin ciyawa?"

"Kana da gaba da kifin ne?"

Wendell ya tuna aikinsa. A motarsa, in mai duka ya addabi mutane, ba ya haɗa shi kujera da mai ƙarfi, ba ya haɗa shi da mai tsoro. Wanda ko a jikinsa yake nema masa. Ya bi akwatunan shagon ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya kan wata dunƙulalliyar aba mai ƙayoyi, tana lasar dutse.

"Wannan ta san ana duniya kuwa?"

"Bushiyar teku? Ko ido ba ta da shi. Amma ban ɗaukar maka alkawari."

"Zuba min ita."

Ranar farko Gwamna ya fito ya zagaya ta, ya kai naushi ɗaya, ƙas! Bushiya ta ci gaba da kiwonta. Ya tsaya yana juya idanu, sannan ya koma rami kamar wanda ya tuna wani uzuri.

Ana gobe biki Loretta ta sa tabarau ta zo duba aiki. Duwatsu fes. Bushiyar kuwa, da yake ɗabi'arsu ce ɗora tarkace a ka, ta bi ta ƙofar Gwamna ta ɗauki ɓawon ɗaya daga cikin matattun dodon koɗin, ta kafa shi a karkace tana tafe a hankali.

Loretta ta daɗe tana kallo.

"Tsohon nan, ka ga hular cocin Darlene?"

"Ni ban ce ba."

"Ni na ce. Su zauna, su biyun. Amma in ka yi dariya gobe a gabanta, da kai da su duk gareji."

Wendell ya ƙwanƙwasa gilashin a hankali, yadda yake buga sitiyari in kowa ya zauna. Ya ɗauki makulli ya fita ɗauko Darlene a filin jirgi.