Arzika Mai Ƙirga Kurɓin Doki

Arzika mutumin Kwatarkwashi ne, gidansa na uku daga gindin dutse. Gonarsa ɗaya, matarsa ɗaya, karatunsa bai wuce izu biyu ba. Amma cikin shekara talatin da ɗaya ya reni dawaki goma sha tara, tun suna duƙushi har suka isa ɗaura sirdi, kuma biyu kaɗai suka mutu a hannunsa. Daga Tsafe har Bungudu, in aka ce dokin Arzika ne, mai saye ba ya ko buɗa masa baki.

Kowace safiya abu huɗu yake dubawa: yadda doki ya riƙe kunnuwansa, kashin da ya yi, harawar da ya rage, sai ruwa. Na ruwan nan ne ake yi masa dariya a kai. Yakan ɗora yatsu biyu a maƙogwaron doki yana sha, yana ƙirga kurɓi. A faɗarsa, lafiyayyen doki da bazara ba ya kasa arba'in a tsayuwa guda, wanda ya tsaya a ashirin kuwa akwai maganar da yake son faɗi.

A bazarar 1956 Garba mai jakai ya dawo daga Gusau da saƙo mara daɗi. Bidi, dokin da Arzika ya rena shekara huɗu, ya sayar wa Malam Labbo mai hatsi a Damba wata biyar da suka wuce, yau kwana uku ke nan ya ƙi ruwa. Malam Labbo na faɗi a kasuwa cewa da cutarsa aka sayar masa da shi. An kuma kira maƙeri, da la'asar za a ɗana wa dokin jan ƙarfe a wuya.

Abu biyu Arzika ya gani suna shirin salwanta, ran Bidi da sunan da ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana ginawa. Ya ɗauki sandarsa ya kama hanya, mil goma da 'yan kai a ƙasa, ya isa rana na tsaka.

Malam Labbo ya amsa sallama a daƙile, ya kai shi bakin turke. Bidi ya rame, kwiɓinsa ya faɗa. Arzika ya tsunkuli fatar wuyansa ya saki, sai da ya ƙirga huɗu kafin ta koma. Duk da haka kunnuwa a tsaye suke, har ya yi ƙaramar haniniya da ya ji muryar tsohon ubangijinsa.

Malam Labbo ya jero abin da aka yi: an ba shi kanwa, an yi turare sau biyu, an yi rubutu an wanke an zuba a komin ruwansa, bai ko taɓa ba. Arzika ya ce a zuba sabon ruwa, kowa ya ja da baya. Ya tsuguna yana kallo.

Bidi ya miƙo wuya da sauri. Saura taƙi guda bakinsa ya taɓa ruwa, sai ya buɗa hanci, ya ɗage leɓen sama, ya ja baya yana kaɗa kai. Sau bakwai yana haka. Arzika ya san mara lafiyar doki ba ya ko waiwayar komi, wannan kuwa ƙishi ke neman kashe shi ga ruwa a gabansa. Sai ya lura da kyanwar gidan. Ta ratsa ta gefen komin a cike, ba ta tsaya ba, ta tafi gindin randa tana lasar danshi.

Ya tambayi inda dokin ke sha a da. Aka ce gulbi ake kai shi, amma makon nan gulbin ya koma rairayi, sai ruwan rijiya. Ya ce da me ake ɗaukowa? Daga bayan zana Dije, matar gidan, ta amsa da 'yar fahariya cewa garwa biyu Malam ya samo mata a kanti, sun fi tulu ci, ba sa fashewa.

"Garwar mi, uwar gida?"

"Ta kananzir. Amma sau uku na wanke da toka, Baba Arzika. Shinshina ka ji."

Ya shinshina, bai ji komai ba, Malam Labbo ma haka. Arzika ya ce, "Hancinmu ne bai ji ba, Malam. Wanga doki da wagga kyanwa sun ji."

Ya sa aka ɗebo ruwan randa, wanda da tulu aka kawo shi, a wankakkiyar ƙwarya. Bidi ya tsoma baki har hanci. Yatsun Arzika na maƙogwaronsa, yana kai goma sha biyu ya janye ƙwaryar, don dokin da ya daɗe da ƙishi in ya sha da yawa lokaci guda ciki ke murɗa masa. Ya jira, ya sake ba shi. Kafin la'asar an yi zagaye biyar, kurɓi sittin cif, Bidi ya juya kan harawa.

Maƙeri ya iso da ƙarfensa, ya tarar ba aiki. Dije ta ce tunda ya riga ya zo, ya ɗana wa wanda ya sayo garwa. Malam Labbo ya yi kamar bai ji ba, ya shiga gyaran rawani.

Arzika ya ce a ƙone tsohon komin, itacen ya riga ya sha warin, garwa kuma ta koma wanki. Malam Labbo ya rako shi har bakin hanya, yana ta kewaye-kewayen yadda zai ba da haƙuri. Arzika ya ce shi ba ya bukata, abu ɗaya yake so: inda aka faɗi maganar farko, a je can a faɗi ta biyu. Ranar kasuwa Malam Labbo ya hau Bidi ya je ya faɗa, Garba ya ce a rumfa uku ya ji da kunnensa.

Bayan wannan Arzika ya ƙara renon dawaki huɗu kafin gwiwa ta hana shi. Duk wanda ya zo saye kuwa, kafin a kwance ragama sai ya amsa tambaya guda: da me ake ɗebo ruwa a gidanka?